Haɗa layin tampa da idanun ƙararrawar ɓarayi a gidajen Damagaram

Ƙararrawar ɓarayi aiki biyu gare ta. Na farko kowa ya san shi: ka kunna ta ka fita, wani ya buɗe ƙofa ko ya gitta cikin ɗaki, jiniya ta tashi. Na biyun shi ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi, wato tsaron da ƙararrawar ke yi wa kanta. In an buɗe murfin wata na'ura, ko an ɓamɓare ta daga bango, ko an datse wayarta, dole ta yi kuka nan take, tana kunne ko tana kashe, dare ko rana. Layin da ke wannan aiki shi ne tampa. A jikin kayan da ke shigo mana ta Kano za ka ga an rubuta TAMPER ko TMP ko T kawai, a masu rubutun Faransanci kuwa AP za ka gani.

Gidajenmu, ko a Birni ko a Zango ko a sabbin unguwanni, ba sa rabuwa da jama'a da rana. Magini ya shigo, mai fenti ya shigo, mai gyaran fanka ya hau silin, ranar suna ko biki kuwa ba a ma san adadin masu shige da fice ba. Duk wannan lokaci ƙararrawa a kashe take. Ba sai an sami mai mugun nufi ba ma: ƙusar da aka buga don rataya agogo tana iya ratsa waya, ɓera yana iya gaigaye ta a cikin silin. In babu tampa, ba wanda zai sani. Maigida zai ci gaba da danna lambarsa kowane dare yana barci da kwanciyar hankali, alhali rabin gidan ba ya ƙarƙashin tsaro. Wannan ya fi rashin ƙararrawar muni, domin wanda ba shi da ita aƙalla yana kwana da kunne ɗaya a buɗe.

Yadda layin yake aiki

Duk na'urorin gidan suna magana ne da babban akwati, wato santiral, ta hanya guda. Santiral yana tura ƴar wuta kaɗan ta waya ɗaya, ta ratsa cikin na'urar, ta dawo ta ɗayar. Muddin tana dawowa, lafiya lau. Ta daina dawowa, an taɓa wani abu. Shi ya sa ake amfani da makunnin da yake rufe a lokacin zaman lafiya, wanda ake rubuta wa NC a Ingilishi, NF a Faransanci. Kowace ƙofa ko ɗaki yana da nasa layin, shi ake kira shiyya, kuma a allon santiral za ka ga Z1, Z2, Z3 har zuwa ƙarshe, tare da COM inda wutar ke komowa.

Hanya biyu ake bi wajen haɗa tampa. A tsohuwar hanya, kowace na'urar gano motsi, wadda zan riƙa kira ido, tana cin waya shida: biyu na wuta, biyu na ƙararrawa, biyu na tampa. Sai a bi wayoyin tampa na duk gidan a sarƙa su a jere, ƙarshen wannan ya kama farkon wancan, a kawo bakin biyu da suka rage cikin gurbin tampa na santiral. Kamar carbi ne, zare ɗaya ya ratsa duka, ko'ina ya tsinke an gama. Tana aiki, amma tana da rauni biyu. In ta yi kuka ba za ta faɗa maka wace na'ura aka taɓa ba, sai ka bi gidan ɗaki-ɗaki. Na biyu ya fi tsanani: idan wayoyin ƙararrawa guda biyu suka haɗe da juna a tsakiyar hanya, wutar za ta juyo daga nan ba tare da ta kai ga idon ba. Santiral zai ga layi a rufe har abada. Idon ya makance, allo yana nuna komai daidai.

Hanya ta biyu ita nake ba kowa shawara, in dai santiral ɗinsa ya iya ta, kuma yawancin na yanzu sun iya. Ana sa ƙananan rezistans guda biyu, wato ƴan abubuwan da ke rage gudun wuta gwargwadon awonsu, a cikin na'urar kanta, sai waya biyu rak su ɗauki labarin ƙararrawa da na tampa gaba ɗaya. A littafin santiral za ka same ta da sunan DEOL ko 2EOL. A nan santiral ya daina tambayar ko layi a buɗe yake ko a rufe, ya koma auna nauyin layin, wato yadda yake tare gudun wuta, wanda ake aunawa da om. Mu ɗauki rezistans 2k2 da 4k7, waɗanda santiral na Texecom da wasu da dama ke amfani da su. In komai lafiya, santiral yana ganin kilo-om 2.2. Idon ya ga mutum, sai ya ga 6.9, wato an tara 2.2 da 4.7. An buɗe murfi ko an yanke waya, sai ya ga layi a katse. Wayoyi sun haɗe da juna, sai ya ga kusan sifili. Hali huɗu ke nan, kowanne da nasa awo, kuma biyun ƙarshe ba sa jiran sai an kunna ƙararrawa kafin a ji su.

Kowane kamfani da nasa awon. DSC yana amfani da 5k6 guda biyu, lafiya 5.6, ƙararrawa 11.2. Wasu na amfani da 1k. Kada ka ɗauki na wani ka sa wa wani. Rezistans ɗin suna zuwa cikin ƴar leda tare da santiral, kuma ana gane su da zoben launi: 2k2 ja, ja, ja, 4k7 rawaya, shunayya, ja, 5k6 kore, shuɗi, ja. Zobe na huɗu mai ruwan zinari yana nufin awon zai iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, don haka 2k2 da ya nuna 2.1 ko 2.3 lafiyarsa ƙalau. In idonka bai rarrabe launukan ba, miltimita, wato na'urar auna wuta da nauyin layi, za ta raba gardama.

Waya da jan waya

Kafin ka sayi komai, zana gidan a takarda: zaure, ƙofar gida, falo, ɗakin maigida, ɗakunan iyali, sito, shago in akwai. Sa wa kowane wuri lambar shiyya. Santiral ya zauna a ɗakin da ke cikin tsaro, wanda ba a ganinsa daga ƙofa, kuma mafi sanyi a gidan. Allon lambobi ne kaɗai ke zama kusa da ƙofar shiga.

Wayar ƙararrawa siririya ce mai jijiya shida ko takwas, kaurin kowace jijiya 0.22 mm². Sayi mai takwas ko da huɗu za ka yi amfani da su, ragowar za su yi maka rana in wata jijiya ta mutu a cikin bango. Abin lura shi ne akwai wadda ba jan ƙarfe ba ce zalla, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare jijiya ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki, ajiye ta. Irin wannan tana karyewa a ƙarƙashin sukuru, tana kuma cinye wuta a doguwar hanya. Ko ka tafi shago da miltimita ka auna jijiya ɗaya daga farkon nadi zuwa ƙarshensa: mita 100 na jan ƙarfe na gaske yana ba da om 8 zuwa 9.

Kowace na'ura a ja mata wayarta daga santiral kai tsaye, ba gami a hanya. In gami ya zama dole, a yi shi cikin ƙaramin akwatin da shi ma yake da makunnin tampa, a liƙe da dalma. Murɗa waya a naɗe da salatif a jefa cikin silin ba aiki ba ne: zafin kwano a watan Afrilu da Mayu yana narkar da ƙaron salatif, gamin ya saki, ƙararrawa ta dinga tashi tsakar dare ba dalili. A cikin silin da cikin bangon ƙasa, sa wayar cikin bututun roba saboda ɓera da gara. Nisanta ta da wayar kuran kamar santimita 30, in dole su gamu, su gicciya juna, kada su yi tafiya tare a bututu ɗaya. Bar rarar waya kamar kamu ɗaya a kowane baki, ka manna takarda mai lambar shiyya a duka ɓangarorin tun kafin ka manta wace ce wace.

Launi kuma ka tsayar da ƙa'ida ɗaya a duk gidan. Wadda aka saba: ja na +12V, baƙi na 0V, shuɗi da rawaya na ƙararrawa, kore da fari na tampa.

Ƙofa da taga

Na'urar ƙofa gida biyu ce. Ɗaya maganaɗisu ne kawai, ba waya, shi ake ɗaurawa a jikin ƙyauren da ke motsi. Ɗayan yana ɗauke da ɗan makunni a cikin gilashi, shi ke zama a jikin firam, shi ake kai wa waya. A sa su can sama, a gefen da ƙofa ke buɗewa, nesa da hinji, kuma ta cikin gida.

Matsalarmu a nan ita ce kusan duk ƙofofi da tagoginmu na ƙarfe ne, aikin masu walda. Ƙarfe yana shanye ƙarfin maganaɗisu, tazarar da na'urar ke iya jurewa ta ragu sosai. Ƙari kuma ƙofar ƙarfe tana da wasa: ta sha rana ta buɗa, iskar damina ta girgiza ta. Na'urar da ta kama da kyar da safe za ta saki da rana. Magani shi ne a sa ɗan faifan roba ko katako mai kaurin milimita 5 zuwa 10 a ƙarƙashin kowane ɓangare don raba shi da ƙarfen, ko a sayi babbar na'ura irin ta ƙofar gareji. Kafin ka huda komai, riƙe su da hannu a wurin, ka sa miltimita a kan ƙara, wato saitin da take kuka muddin layi a rufe yake, ka rufe ƙofar ka girgiza ta da ƙarfi. In ƙarar ta ɗauke ko sau ɗaya, matsar da su.

A yawancin waɗannan na'urori za ka tarar da sukuru biyar. Biyu farare su ne na makunnin. Ukun masu ruwan tagulla ba su haɗe da komai ba, wurin gami ne kawai. Ga yadda za ka yi: wayar da ta fito daga Z ta shiga farin sukuru na farko. Rezistans 4k7 ya haye tsakanin fararen biyu, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Rezistans 2k2 ya tashi daga farin sukuru na biyu zuwa ɗaya daga cikin na tagulla. Wayar da za ta koma COM ta fita daga wannan na tagullar. Sanya wa ƙafafun rezistans rigar da ka fere daga waya, don kada su taɓa juna in ka rufe murfi.

Tagogin ɗaki ɗaya ana iya tara su a shiyya ɗaya, kowace da nata 4k7, amma 2k2 guda ɗaya tak, a taga ta ƙarshe. Littafin santiral zai faɗa maka iyakar adadin da zai ɗauka, domin in da yawa suka buɗe lokaci ɗaya awon zai haura har ya ɗauka waya aka yanke.

Ido

Idon motsi ba hoto yake ɗauka ba, ɗumin jiki yake gani yana gittawa a gaban abin da ke bayansa. Ana kafa shi a kusurwar ɗaki, tsayin mita 2.1 zuwa 2.4, kuma yawancinsu suna kai wa kamar mita 12. Ya fi ganin wanda ya gitta ta gabansa fiye da wanda ya nufo shi kai tsaye, don haka ka zaɓi kusurwar da mai shigowa zai ratsa ta gabanta. Kada ya fuskanci taga, ko bangon da rana ke duka, ko labulen da fanka ke kaɗawa, ko bakin na'urar sanyaya ɗaki.

Akwai abin da ya shafe mu fiye da ƙasashen da ake ƙera waɗannan kaya. A bazara zafin garin nan yana haura digiri 40, bangon ɗaki ya yi ɗumi har ya kusa daidai da na fatar mutum. A irin wannan lokaci idon yana wahalar rarrabe mutum da bango, nisan ganinsa ya ragu. Nemi wanda kwalinsa ya nuna yana daidaita kansa da zafin ɗaki. A ɗakin da ake ajiyar dukiya ko shago mai rufin kwano, gara ka ƙara kuɗi ka sayi mai fasaha biyu, wanda ya haɗa ganin ɗumi da rada. Kuma gwajin da ka yi a sanyin Janairu, ka maimaita shi da azahar a watan Mayu. Idon cikin ɗaki kuwa ba a sa shi a tsakar gida: rana, kaji, awaki da ragon layya za su hana unguwa barci.

Buɗe murfin, ciro allon a hankali ba tare da ka taɓa ɗan gilashin da ke tsakiyarsa ba, ka ɗaure bayan kwanson a bango, ka shigo da waya ta ƙaramar huda. Gurabe shida za ka gani: biyu na wuta, biyu na ALARM ko C da NC, biyu na TAMPER. Ja da baƙi su shiga na wuta, ka tabbata ba ka juya su ba. Shuɗi daga Z ya shiga gurbin ALARM na farko. 4k7 ya haye gurabun ALARM biyu. 2k2 ya zama gada daga ALARM na biyu zuwa TAMPER na farko. Rawaya ya fita daga TAMPER na biyu ya koma COM. Bi hanyar da yatsa ka gani: wutar ta shiga, ta bi makunnin ƙararrawa in yana rufe, in ya buɗe ta bi ta 4k7, ta ratsa 2k2, ta ratsa makunnin murfi, ta koma gida. Wasu idanun na zamani suna da rezistans a jikin allonsu, ƴar gada kawai za ka matsar kan awon da kake so. In ka yi amfani da ita, kada ka ƙara na waje.

Fere waya milimita 5 ko 6 kawai, ka murɗa zaren, kada ko ƙwaya ɗaya ta leƙo waje. Ja kowace waya kaɗan bayan ka ɗaure. Sannan ka toshe hudar da silikon. Kar ka raina wannan: tururuwa, gizo-gizo ko ƴar tsaka in ta shiga ta bi ta gaban gilashin, idon zai gan ta kamar ƙato a tsakiyar ɗaki, ga kuma ƙurar hunturu. Lokacin rufe murfi ka saurara, za ka ji ɗan sifirin tampa ya danne.

A nan ne ake cutar masu gida. Wurin zaman rezistans shi ne ƙarshen layi, cikin na'urar. Mai gaggawa sai ya murɗa su a cikin santiral, a bakin Z da COM, don ya huta da hawa tsani, ko ya sa guntuwar waya ya haɗe gurbin tampa don kada a sake kiransa. Allo zai nuna lafiya, ƙararrawa za ta yi kuka ranar gwaji, a biya shi ya tafi. Amma duk tsawon wayar daga santiral zuwa ɗaki ba ta da mai tsaro. Maigida, ko ba ka san komai a aikin lantarki ba, ka sa a buɗe maka santiral ka duba da idonka. Shiyyar da ba a amfani da ita, ba laifi a ga rezistans a bakinta. Shiyyar da waya ta fita daga cikinta kuwa, in ka ga rezistans a nan, ka ce a mayar da shi inda ya dace kafin ka cika kuɗin aiki.

Jiniyar waje

Ita ce abin da ɓarawo zai fara nema, don haka ita ta fi buƙatar tampa. Jiniya ta gari tana da nata ƙaramin batir a ciki. Santiral yana riƙe ta da bolt 12 kullum, in wannan wuta ta ɗauke saboda an yanke waya, sai ta tashi da kanta. Tana kuma da makunni biyu, na murfi da na baya wanda ke danne da bango.

A kafa ta a wuri mafi tsayi da gidan ke da shi, inda mutum ba zai kai ba ko ya taka babur ko ya hau katanga, amma maƙwabta su ji. Wayar ta ratso bango ta fito daidai bayan akwatin, kada a ga ko ɗan yatsa nata a waje. Huda ta karkata ƙasa ta wajen gida don kada ruwan sama ya biyo ta ciki. A bangon ƙasa ko yaɓen da bai yi sumul ba, makunnin baya yana nutsewa cikin yaɓe a hankali, musamman bayan damina, har ya saki. Gyara wurin da siminti tukuna ya bushe, kuma sukurun da ke riƙe da makunnin ya shiga bangon kansa sosai.

A masu rubutun Ingilishi yawanci waya biyar ne: +12V, 0V, BELL mai tayar da kuka, STB na fitila mai walƙiya, da TR wanda ke komar da 0V zuwa santiral ta cikin makunnan tampa. A masu rubutun Faransanci za ka ga gurbin BL, inda ɗaukewar bolt 12 ke tayar da kukan, da gurabe biyu na AP. Ba a haɗa su iri ɗaya, bi zanen da ke cikin murfin. Batirin jiniya shi ne na ƙarshe da za a jona, bayan santiral ya kama wuta. Ƙararta tana wuce desibel 100, kuma in ta fashe maka a fuska kana saman tsani za ka iya faɗowa. Toshe kunne, ka sa wani ya riƙe maka tsanin.

Santiral da ba da wuta

Kafin ka jona kowace shiyya, auna ta da miltimita a kan om alhali wayoyin ba su shiga santiral ba. Ƙofa a rufe 2.2, a buɗe 6.9. Ido kuwa in ba wuta a jikinsa makunninsa a buɗe yake, don haka 6.9 za ka gani, ba matsala ba ce. Rubuta kowane awo a takarda.

Wutar NIGELEC bolt 220 ce, tana kisa. Kashe babban makunnin gida kafin ka taɓa wannan ɓangare, in kuma ba sana'arka ba ce, kira mai aikin kuran ya yi maka wannan kaɗai. A ba santiral layinsa mai fiyus, ba soket da yaro zai zare don cajin waya ba. A jona wayar ƙasa, a sa abin kariya daga hauhawar wuta, saboda tsawar damina da yadda wuta ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. Shi ma akwatin santiral yana da makunnin murfi, haka allon lambobi. Duba ba a cusa musu takarda ko an ɗaure su da salatif ba.

Da wuta ta kama, auna bakin wutar idanu, za ka ga kamar bolt 13.8. Je ka ido mafi nisa ka auna can ma. Yawancinsu suna aiki tsakanin 9 da 16, amma in ka ga ƙasa da 12 alhali akwai kuran, ninka jijiyoyin wuta da ragowar waya, domin ranar da aka koma kan batir zai ƙara faɗuwa.

Lissafin batir ya fi muhimmanci a nan fiye da wurare da yawa. Duk wanda ke garin nan a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ya san yadda ɗaukewar wuta ke iya tsawo. Tara abin da kowace na'ura ke ci, yana rubuce a takardarta. Misali, a awon cin wuta da ake rubutawa mA: santiral 100 mA, allon lambobi 60, idanu huɗu 15 kowanne 60 ke nan, jiniya 30, na'urar aika saƙo zuwa wayar hannu 50. Jimla 300 mA. Batir mai 12V 7Ah a lissafi zai kai awa 23, a zahiri ka ƙaddara 18 in sabo ne. Zafi kuma yana cin irin wannan batir: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Rubuta ranar da ka sa shi a jikinsa, ka shirya canza shi bayan shekara biyu. In gidan yana da sola, ciyar da santiral daga layinta. Batirin mota kuwa kada a liƙa masa, cajar santiral ba ta iya ɗaukarsa.

Saiti da gwaji

Shiga da lambar mai gyara, ka faɗa wa santiral cewa shiyyoyin na rezistans biyu ne, ka zaɓi awonsu. In ka tsallake wannan, duk wahalar da ka sha a banza. Ƙofar shiga a ba ta jinkirin daƙiƙa 30 ko abin da zai ishe ka kai wa allon lambobi, sauran su zama masu tashi nan take. Jiniya a sa ta yi shiru da kanta bayan minti 3 zuwa 5, don haƙƙin maƙwabta. Tsara yanayin dare yadda ya dace da zaman gidan: a bazara iyali a tsakar gida suke kwana, sai a kunna sito, shago, ɗakin ajiya da ƙofar waje, a bar sauran, a kuma tuna da mai fita sallar asuba. Tampa da rana ya yi ƙara a cikin gida ya aika saƙo a wayar hannu, in ƙararrawa na kunne kuwa ya tayar da jiniyar waje. Layin da ke cikin na'urar saƙo, na Airtel ne ko Moov ko Zamani, a riƙa sa masa kuɗi don kada a rufe shi. Canza duk lambobin sirri da kayan suka zo da su daga kamfani. Lambar ƴan sanda 17 ce, a koya wa kowa a gidan.

Gwajin kowace shiyya kashi huɗu ne, kuma a fita daga yanayin mai gyara kafin a yi na tampa, domin a cikinsa santiral yakan yi shiru. Buɗe ƙofar ko ka gitta gaban idon, bayan ka ba shi minti ɗaya ko biyu ya daidaita, ka ga lambar shiyyar ta fito daidai. In na'urar tana da makunnin murfi, buɗe murfin alhali ƙararrawa na kashe, dole a ji ƙara. Zare waya ɗaya daga Z, dole a ji. Haɗe wayoyin biyu a can wajen na'urar da guntuwar waya, dole santiral ya nuna tampa ko matsala. Wannan na huɗun shi ke tona asirin rezistans da aka ɓoye a santiral. Daga nan ka sanar da maƙwabta, ka gwada jiniyar waje, sannan ka kashe kuran ka ga batir ya ɗauka.

In daga baya tampa ya dinga tashi ba dalili, kada ka yarda a haɗe shi don a huta. Duba tarihin da ke cikin santiral ka ga wace shiyya ce da ƙarfe nawa. In da tsakar rana yake yi, yawanci murfin roba ne ya sha zafi ya lanƙwashe har sifirin ya saki, ko sukuru ya yi sako-sako. In bayan ruwan sama ne, duba jiniya da duk wayar da ta bi waje. In sai an ɗauke wuta yake yi, batir ne ya gaji. Zare shiyyar ka auna, ka gwada da awon da ka rubuta ranar farko. Awon da ke rawa in ka motsa waya yana nuna gami ne ya saki ko jijiya ta kusa tsinkewa, sai ka koma kan ragowar jijiyoyin nan da ka bari. Takardar awon da zanen gidan a ninke su a ajiye cikin akwatin santiral, a kuma maimaita gwajin nan huɗu sau biyu a shekara, bayan ruwan farko da kuma ƙarshen hunturu, lokacin da za a goge ƙurar fuskar idanu da busasshen ƙyalle mai laushi.